Illela da Ƙonni: Tarihin Iyaka da Haƙƙin Maƙwabtaka

Garin Illela na Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tazarar 'yan kilomitoci ce ta raba su, amma kowanne da tutarsa da kuɗinsa. Kafin zuwan Turawa, yankin nan ƙasa ɗaya ce ta fuskar addini da harshe da fatauci. A Maratta, wadda yanzu take cikin Nijar, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1168 Hijira (1754 Miladiyya), kuma Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka fuskanta bayan hijirar Gudu ta 1804.

Jayayyar da ta haifar da iyakar ta Ingila da Faransa ce. A 1890 suka ja layi a takarda daga Say zuwa Barruwa. A 1898 suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, wadda ta jefa Ƙonni cikin rabon Ingila. Wannan bai hana rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ƙone garin da karkashe mutanensa a watan Mayu na 1899 ba. Faransa ta dinga kukan cewa an bar ta da busasshiyar ƙasa, ba ta da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 suka sauko da layin kudu, Ƙonni ta koma hannun Faransa, sannan Tilho da O'Shee suka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ba a nemi shawarar mazauna wurin ba.

Abin lura shi ne, bayan samun 'yanci a 1960, ƙasashen biyu ba su mayar da wannan gado abin husuma ba. Nijar da Benin sai da Kotun Duniya ta raba musu gardamar tsibirin Lete a 2005, kamar yadda ta yi wa Nijeriya da Kamaru kan Bakassi a 2002. Nijeriya da Nijar kuwa hukumar haɗin gwiwa suka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai. Kasuwar Illela ta ci gaba da ci ranar Lahadi: shanu da wake da albasar Galmi na gangarowa, hatsi da man fetur da kayan masana'antu na haurawa.

Jarrabawar zumuncin ta zo ne ta hanyar rufe iyaka: daga 1984 zuwa 1986, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka yanke wa Nijar wutar lantarki, aka kuma yi barazanar yaƙi. A kowane karo talaka ne ya ɗanɗana kuɗarsa. A watan Agusta na 2023, Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya je Yamai tare da Janar Abdussalami Abubakar, sannan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta gana da Janar Tchiani. Ba a yi yaƙin ba, kuma aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024.

Tarihin Illela ya nuna cewa malamai sun sami shiga inda ƙofa ta rufe wa jakadu, domin haƙƙin maƙwabci da sulhu tsakanin Musulmi sun girmi layin da Turawa suka shata. Tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, nauyin riƙon wannan zumunci ya ƙaru a wuyan malamai da ɗalibansu. Allah shi ne mafi sani.