Asalin Shuɗin Maganin Feshin Lambu

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai lambun mangwaro da lemo a ƙasar Zariya. Yana cewa, shin shuɗin maganin nan da ake fesa wa itatuwa, ina aka samo shi, kuma me ya sa wani lokaci sai mutum ya fesa amma cuta ba ta tsaya ba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Labarin ya faro ne a gonakin inabi na ƙasar Faransa. A wajen shekarar 1863 wani ɗan ƙwaro mai kama da darɓa, wanda ake kira filoksera, ya shigo daga Amurka, ya dinga cin saiwar inabi har gonaki suka yi ta mutuwa. Dabarar da ta fisshe su ita ce aure, irin wanda kuke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Faransa a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Ana cikin haka, a 1878, sai ga wata sabuwar cuta, ita ma daga Amurka, wata irin funfuna ce da ke fitowa fari-fari a bayan ganye, ganyen ya bushe ya kakkaɓe. An gudu ba a tsira ba ke nan.

A watan Oktoba na 1882, wani shehun malamin ilmin tsirrai na birnin Bordo, mai suna Alexis Millardet, yana wucewa ta yankin Medok, sai ya lura inabin bakin hanya na nan da ganyensa, na cikin gona kuwa duk ya zube. Ashe masu gonar ne ke yayyafa wa na bakin hanya gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi haɗe da farar ƙasa, don masu wucewa su ga kamar guba ne su daina tsinka. Maganin ɓarayi sai ya zama maganin cuta. Shi da wani masanin haɗa magunguna, Ulysse Gayon, suka yi ta gwaji, a 1885 aka bayyana wa duniya haɗin da ake kira haɗin Bordo. Magungunan jan ƙarfe da ke kasuwa yau jikokinsa ne.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Wannan magani ba ya shiga cikin ganye. Zama yake a bayansa, idan ƙwayar cuta ta sauka a ɗigon ruwa za ta tsiro, sai jan ƙarfen ya kashe ta. In ta riga ta shige, to, an makara. Saboda haka manoman inabi suka koyi bin lokaci: a yi feshi kafin ruwa, a sake in ruwa ya wanke shi ko sabon ganye ya fito.

Haka abin yake ga baƙin tabon da ke ɓata mangwaro idan danshi ya yi yawa, musamman wanda nunarsa ke riskar ruwan farko. Wanda ya jira sai ya ga tabo, kuɗinsa ya zubar. Kuma a kula, wannan magani ba ya kashe tsutsar ƙudan mangwaro. Ita sai a riƙa tsince wanda ya faɗo ana binne shi a rami mai zurfi. Kada kuma a wuce awon da ke jikin kwali, domin jan ƙarfe na ƙona ganye, yana kuma taruwa a ƙasa shekara da shekaru.

Rigakafi dai ya fi magani. Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya ba mu damina mai albarka.