Yadda Kafintoci Suka Karɓe Tseren Ruwa Daga Hannun Sarakuna

A watan Oktoba na 1661, Sarkin Ingila Charles na Biyu ya yi tsere da ƙanensa James a kogin Thames, daga Greenwich zuwa Gravesend da dawowa, kowa da jirginsa mai tafiya da iska, aka aza fam 100 a tsakani. Shekara guda kafin nan ne mutanen Holan suka ba sarkin kyautar wani jirgin shaƙatawa mai suna Mary, abin ya shiga ransa, fadawa kuma suka bi sahu. Daga nan masu tarihi kan ɗauko labarin tseren jiragen iska a ƙasar, kuma yadda aka fara haka aka ci gaba har shekara ɗari biyu da ɗoriya: wasa ne na masu sarauta da masu hannu da shuni. A 1720 aka kafa kulob a tashar Cork ta ƙasar Ailan. A 1815 aka kafa na Cowes, wanda sharaɗin shigarsa shi ne mutum ya mallaki jirgin da bai gaza tan 10 ba. Kuɗi kaɗai ma ba ya buɗe wannan ƙofa. Thomas Lipton, attajirin ganyen shayin nan da sunansa ke kan teburin kowane mai shayi a ƙasarmu, sau biyar yana neman Kofin Amurka tsakanin 1899 da 1930, amma sai a 1931, dab da rasuwarsa, mutanen Cowes suka yarda suka karɓe shi, don a ganinsu ɗan tireda ne. Masu jan igiya da ɗaga ƙyalle kuwa masunta ne daga ƙauyukan gaɓar Essex irin su Tollesbury da Rowhedge, ana ɗaukarsu haya da bazara. Su ke shan ruwa da sanyi, sunan mai jirgi ake rubutawa a jikin kofi.

Ni ɗan kafinta ne daga Yauri. Tsere a ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Kwara ranar Rigata ya ga yadda Gungawa ke sa kwale-kwale gudu da ƙarfin damtse da haɗin kai. Amma ban taɓa riƙe igiyar ƙyallen iska ba sai da aiki ya kawo ni tsakiyar Ingila, inda na shiga wani ƙaramin kulob a bakin madatsar ruwa, nesa da teku. Waɗanda nake tsere da su ran Lahadi akwai direban bas, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai tsohon malamin firamare da jikarsa. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasan sarki ya gangaro har hannun waɗannan mutane. Da na bi sawun labarin, sai na tarar ba wani basarake ne ya yi rangwame ba. Dabarar wani lauya ce, da aikin hannun kafintoci.

Lauyan shi ne Thomas Middleton, mutumin Shankill kusa da Dublin. A zamaninsa, in ka ci tsere bana, baɗi maƙwabcinka zai sa a ƙera masa jirgi mafi tsawo da ƙyalle mafi faɗi, kai kuma naka ya zama tsohon yayi. Aljihu ke tsere, ba mutane ba. Middleton ya kawo shawarar a ƙera ƙananan jirage masu ƙafa 13 a kan zubi ɗaya, awo ɗaya, ƙyalle ɗaya, kada kowa ya ƙara ko ya rage. Aka sa musu suna Water Wag, suka fara tsere a 1887 a tashar Kingstown, wadda yanzu ake kira Dún Laoghaire. A ganina babu wata shawara da ta taɓa canja wannan wasa kamar wannan. Idan jirage duka ɗaya ne, wanda ya zo na ƙarshe ba shi da abin dogaro sai ya koma ya koyi karatun iska, wanda ya zo na farko kuma ba mai cewa kuɗinsa ne suka ci masa. Har yau jiragen wannan aji, na katako, suna fita tsere da yammacin Laraba a wannan tasha.

Saura gudu. Wannan kuma Uffa Fox ne, haifaffen Cowes, ya kawo shi. A 1928 ya fito da Avenger, mai ƙafa 14, wanda aka tsara ƙasansa yadda in iska ta yi ƙarfi zai ɗago goshi ya riƙa sulɓi a bisa ruwa maimakon ya riƙa keta shi. A tsere 57 na wannan shekara ya zo na ɗaya sau 52. Daga nan aka daina yi wa ƙaramin jirgi kallon ɗan aiken babban jirgi.

Amma ko jirgin Fox na masu hali ne, domin sai gwanin maƙeri ya jera siraran katakai ɗaya bayan ɗaya da dubban ƙananan ƙusoshi. Abin da ya karya farashi Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifar da shi. Don ƙera jiragen sama na katako irin su Mosquito, an inganta filawud da gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa. Da yaƙi ya ƙare, ga kaya, ga ma'aikatan da suka iya sarrafa su, ga kuma matasan da suka dawo gida suna neman abin da zai ɗebe musu kewa. Kamfanin Fairey, mai ƙera jiragen sama, ya shiga gasa jikin ƙaramin jirgin Firefly a cikin tanda, kuma da shi aka yi tseren mutum ɗaya a gasar Olamfik ta 1948 a Torquay, inda wani saurayi ɗan Denmak mai shekara 20, Paul Elvstrøm, ya ci zinare, ya kuma sake ci sau uku a jere har 1960.

Mutumin da na fi ƙauna a duk wannan tarihi shi ne Jack Holt. An haife shi a 1912, ya koyi aikin kafinta, ya buɗe shago a bakin Thames a unguwar Putney. Bai fito daga gidan masu jirage ba, kuma bai manta da hakan ba. Tambayar da ke gabansa kullum ita ce: me mutum mai zarto da guduma da ɗan fili a gareji zai iya haɗawa da hannunsa? Sai ya daina lanƙwasa katako ta hanyoyi masu wuya, ya riƙa zana jirage masu faffaɗan ɓangarori da za a yanka daga fallen filawud. Cadet na yara ya fito a 1947, GP14 ya biyo baya, sai Enterprise mai shuɗin ƙyalle a 1956, wanda jaridar News Chronicle ta ɗauki nauyinsa. Manyan kulob sun ɗan ɗaga masa hanci da farko. Bai hana komai ba, domin mutanen da ke sayen zanensa ba su jira an gayyace su ba. Suka kafa nasu kulob a bakin koguna, da madatsun ruwa, da ramukan da aka haƙe tsakuwa ruwa ya cike. Kulob ɗinmu irin waɗannan ne. Tsofaffin hotunan da ke jikin bango suna nuna mambobi da matansu suna kwaɓa siminti, suna gina gangaren da ake tura jirage ruwa.

Sai Mirror. Wani mai koyar da gyaran gida a talabijin na BBC, Barry Bucknell, ya haɗa wa ƙaramin ɗansa jirgi ta wata hanya da masu ƙera kayak suka riga suka gwada: a yanka filawud, a huda gefunan, a ɗinke su da wayar tagulla, sannan a bi ɗinkin da ƙyallen faiba da gam. Jaridar Daily Mirror ta ɗauki abin, Holt ya gyara zanen, aka nuna shi a bajekolin jirage na Landan a 1963 a kan fam 63 da sule 11. Tsawonsa ƙafa 10 da inci 10, goshinsa a datse, ƙyallensa ja kamar kan jaridar, ana ɗora shi a bisa rufin ƙaramar mota. An ƙera fiye da 70,000, da yawansu a falo da ɗakin girki, cikin hunturu.

Ranar da na fara ganin cikin tsohon Mirror, na shafa layin ɗinkin da yatsa, ana jin ƙullin wayar a ƙarƙashin fenti, sai na ɗauki hoto na aika gida. Da dare Baba ya kira.

"Wato ɗinke shi suka yi?"

"Ɗinki, Baba. Babu ƙusa a gaɓar."

"To ai wannan ba sabon abu ba ne, ɗana. Can sama wajen Mali da igiya ake haɗa jirgi tun kaka da kakanni. Gam ɗin nasu dai nake so in gani. Ruwa ba ya cinsa?"

"Ba ya ci, Baba. Wannan ya girme ni."

Ya yi shiru, sannan ya ce in auno masa kaurin katakon.

A Amurka ma haka aka yi. A 1947, a garin Clearwater na Florida, Clark Mills ya zana wa yara Optimist, akwati mai ƙyalle ɗaya da za a haɗa a kan dala 50, kuma yau galibin masu zuwa Olamfik a cikinsa suka fara. A 1971 aka fito da Laser na Bruce Kirby ɗan Kanada, na faiba, wanda an ƙera fiye da 200,000, ya kuma shiga Olamfik a 1996.

Duk wannan tarihi yana bayyana ne a safiyar gasar kulob ta shekara, wadda baƙi daga wasu kulob ke zuwa da jiragensu a tirela. Layin farawa ba a gani: tsakanin jirgin masu shirya gasa ne da wata alama mai yawo da aka ɗaure da anga. Ana busa ƙaho a ɗaga tuta saura minti biyar, a sake a saura huɗu, a sake a saura ɗaya. A cikin wannan mintin na ƙarshe jirage sukan cunkushe a bayan layi, ƙyallaye na kaɗawa da ƙara kamar ranar shanya a gidan biki, kowa na son ya iso layin da gudu daidai bugun ƙaho, ba kafinsa ba, don wanda ya riga sai ya koma ya sake. Alamar farko kullum tana can inda iska ke fitowa, jirgi kuwa ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai a karkace, a yi dama a yi hagu. Nan ake gane gwani. Kana zaune a gefen jirgi, ƙafafunka a maƙale cikin maɗauri, rabin jikinka a waje bisa ruwa, hannu ɗaya a sandar tuƙi, ɗaya a igiya, cinyoyinka na zafi, idonka kuma na can gaba yana neman inda ruwa ya yi duhu, alamar iska na tafe. Tsohon malamin nan namu ba ya da ƙarfin samari, amma yana ganin juyawar iska tun kafin ta iso, sai ka ɗaga kai ka hango shi ya riga kowa. Lissafi kuma a juye yake: na ɗaya maki ɗaya, na goma maki goma, mai mafi ƙarancin maki bayan an zubar da tserensa mafi muni shi ke ɗaukar kofi.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu alƙalin wasa a tsakiyar ruwa. Doka ta ce wanda iska ke bugowa ta hagunsa ya kauce wa wanda take bugowa ta damansa. In ka saɓa, kai da kanka za ka ware gefe ka juya jirginka sau biyu, kana kallo ana wuce ka. In ka taɓa alama, juyi ɗaya, ko da ba wanda ya gani. In an yi gardama, sai a tudu: mambobi uku su zauna a teburi da 'yan ƙananan jiragen roba, kowa ya nuna yadda abin ya faru. Na ga yarinya 'yar shekara goma sha uku ta yi ƙarar mutumin da ya haifi ubanta a shekaru, aka saurare ta, aka ba ta gaskiya, ya miƙa mata hannu. Wannan tarbiyya ba ta samuwa a wasan da mai kuɗi ke tsaye a baya 'yan haya na yi masa aiki.

Shi ya sa halin da ake ciki yanzu yake damuna. Haɗa jirgi a gida ya kusa ɓacewa. Sandunan kabon da sababbin ƙyallaye duk shekara sun fara dawo da abin da Middleton ya kora, har a ajin yara, inda za ka ga uba ya sayi sabon jirgi don kawai na bara ya ɗan yi laushi. Kulob da yawa mambobinsu sun tsufa. A bayan filinmu akwai jerin tsofaffin Mirror da Enterprise a ƙarƙashin tamfol, ciyawa ta fito ta cikin tirelolinsu, masu su sun rasu ko sun gaji.

A taron mambobi na bara na miƙe na ce a nemi izinin iyalan masu su, a gyara waɗanda za su gyaru, a riƙa ba yaran unguwa aro kyauta, kuma a ware musu nasu farawa a gasar shekara. An yi muhawara kan inshora da wurin ajiya, daga ƙarshe aka amince. Direban bas ya ɗauki fenti, ma'aikaciyar jinya ta ɗauki ɗinkin ƙyallaye da keken mahaifiyarta, ni aka bar mini katako. Wanda ke kan benci yanzu ƙasansa ya ruɓe daga wajen ramin allon tsakiya, sai an cire fallen gaba ɗaya an yanka sabo, kuma wayar tagullar da na yi oda za ta iso ran Alhamis.