Girkawa da sauƙi, cirewa da wuya: tarihin wata matsalar kwamfuta

Duk uwargidan da ta taɓa aurar da ƴa a Tahoua ta san cewa tara kayan biki ba shi ne wahala ba. Tabarmi daga maƙwabta, tukwane daga dangi, kujeru na haya, duk a yini ɗaya sun hallara. Rigimar tana zuwa ne ranar mayarwa: wace tukunya ce ta aro, wace ce ta gida? Masu ƙera manhajojin kwamfuta sun daɗe suna fama da wannan tambayar.

Manhaja ba ta tsayuwa ita kaɗai. Wadda yaro zai yi zane da ita tana jingine da wasu ƙananan manhajoji masu nuna haruffa ko fitar da sauti. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, wani reshe na tsarin Linux da kowa ke iya samu kyauta, kuma a 1994 aka samar masa da dpkg, wanda ke naɗe kowace manhaja cikin ƙunshi mai ɗauke da jerin abubuwan da take buƙata. Kamfanin Red Hat na Amurka ya fito da nasa, RPM. A 1998 APT ya bayyana a Debian, yana nemo duk abin da ƙunshi ya dogara a kai da kansa. A ɓangaren RPM kuwa, Seth Vidal na Jami'ar Duke ya rubuta yum don kula da kwamfutocin sashen kimiyyar fiziks na jami'ar.

Daga nan aka zo da dabarar rukuni: a haɗa ƙunshi masu yawa ƙarƙashin suna ɗaya, kamar kayan ofis ko kayan koyarwa, a girka su da umarni ɗaya. Sai dai rukunin jerin sunaye ne kawai. Kwamfuta ba ta riƙe dalilin shigowar kowane ƙunshi. Idan aka ce ta cire rukuni, sai ta bi jerin ta kwashe duk abin da ke ciki, har da wanda mai ita ya girka tun da farko don wani aikin, da wanda wani rukunin ke amfani da shi. Wato garin mayar da kayan aro, an haɗa da tukunyar gida.

Gyaran ya zo a Fedora 19, wanda ya fito a Yulin 2013. Tun daga nan yum yake rubuta cewa an girka rukuni kaza, kuma waɗannan ƙunshin ta hanyarsa suka shigo, don in an zo cirewa a taɓa su kaɗai. Vidal ya rasu a wannan watan bayan mota ta buge shi a kan keke, aka sadaukar masa da Fedora 20. A 2015 DNF ya gaji yum a Fedora 22, ya ci gaba da riƙe wannan lissafin.

Akwai wata hanyar da aka gwada a kusa da mu. A 2007 aka raba wa ɗaliban firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutocin XO na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. An gina su a kan Fedora, amma kowane darasi ko wasa yana zuwa ne a naɗe shi kaɗai, yadda yaro zai goge ɗaya ba tare da ya lalata sauran ba. Wayoyin Android da ke hannunmu ma kusan haka suke. Kuɗin wannan sauƙin shi ne wuri: kowace manhaja tana ɗauke da nata kayan, shi ya sa waya ke saurin cika.

Me ya shafi malami a Keita ko Abalak? A inda intanet ke da tsada kuma mai gyara ke nesa, manhajar da aka goge bisa kuskure ba lallai ta dawo a ranar ba, kuma darasin yara ne ke tsayawa. Hakanan wayar da uba ya kai kasuwa aka loda mata manhajoji barkatai kafin ya miƙa wa ɗansa: bai san abin da aka zuba ba, balle ya san na cirewa.

Saboda haka, kowace makaranta mai kwamfuta ta ajiye ɗan littafi: me aka girka, wa ya girka, yaushe, don wane darasi. Kafin a danna amincewa da gogewa, a karanta jerin da na'urar ta nuna har ƙarshe. Iyaye kuma su tsaya a gaban mai lodi, su tambayi sunan kowace manhaja da amfaninta kafin ta shiga wayar yaro.