3.2 Tarihin Zuwa Kallon Mawaƙan Baka: Daga Fada Zuwa Zauren Taro

Wannan fasali zai yi ƙoƙarin bayyana yadda zuwa kallon mawaƙan baka ya sauya a ƙasar Hausa, da kuma tasirin da sauyin ya yi a kan waƙar kanta.

Idan aka waiwayi tarihi, za a ga cewa a da makaɗin fada ba ya neman 'yan kallo. Ubangidansa shi ne mai sauraronsa, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya kasance ga Sarkin Gobir na Isa. Talaka yakan ji irin wannan waƙa ne a ƙofar fada ranar salla ko ranar naɗin sarauta, yana tsaye daga nesa. Tun da ci da sha da suturar makaɗi duk suna hannun sarki, dole waƙarsa ta tsaya ga yabon ubangida da zambo ga abokan hamayyarsa.

Makaɗan jama'a kuwa dandali da gidan biki ne fagensu. Alhaji Mamman Shata (1923-1999) ya yi fice a wannan fage da kiɗan kalangu. A nan duk wanda ya zo yana iya yin kari a ambaci sunansa, ko attajiri ne ko direba. Wato ke nan, ubangida ya tashi daga mutum guda ya koma jama'a.

Mataki na uku ya biyo bayan kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, da kuma yawaitar lasifika. Daga nan aka fara shirya wasa a zauren taro, inda mutane kan zauna a kan kujeru domin sauraro kawai. Wanda ya fi cin moriyar wannan tsari shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos (1946-2015). Kuntiginsa ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, ba shi da 'yan amshi, ba shi da makaɗa. A buɗaɗɗen fili hayaniya za ta iya danne sautinsa, amma a gaban lasifika kowace kalma tana isa kunne.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da yawancin waƙoƙinsa suka karkata ga halin zaman jama'a. A "Karen Mota" ya ɗaukaka wanda ba ya da abin ba shi, a "Jawabin Aure" kuwa ya yi wa ma'aurata nasiha.

A taƙaice, wannan tarihi yana nuna cewa wanda yake zaune a gaban mawaƙi shi ne yake yanke abin da mawaƙin zai iya faɗa. Da masu sauraro suka yawaita, sai bakin mawaƙi ya ƙara samun 'yanci.