Ƙarin sinadaran abinci ga masu juna biyu da ke ɗauke da HIV a Kura da Bunkure

Ƙarin sinadaran abinci su ne ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin da ake bai wa mai juna biyu a wajen awon ciki. Ga matar da ke ɗauke da HIV, cutar da ke karya garkuwar jiki, ba sa maye gurbin maganin cutar. Maganin ne ke hana jariri kamuwa, su kuwa suna taimaka wa uwa da ɗan cikinta.

Yanayin yankin

Kura da Bunkure suna cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ana noma shinkafa, alkama, tumatir da albasa. Sai dai ruwan da ke kwance a gonaki da magudanai yana renon sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya duk suna jawo ƙarancin jini, wanda dama ciki da HIV ke haddasawa. Tuwon shinkafa yana ƙosarwa, amma sinadarin ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne.

Abin da ake bayarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum. Mai ɗauke da HIV da ba ta fara nuna alamu ba tana buƙatar ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari na abinci mai ba da kuzari, ban da wanda ciki ke nema.

Ba kowane bitamin ke da amfani ba. Binciken da Wafaie Fawzi ya jagoranta a Darussalam ta Tanzaniya, wanda aka wallafa a 1998, ya nuna haɗin bitamin B, C da E yana rage mutuwar ɗan tayi da haihuwar jarirai marasa nauyi. Daga baya aka gano cewa bitamin A ya ƙara yawan jariran da suka kamu a wannan binciken. Tun 2011 hukumar ba ta ba da shawarar a ba da shi don hana yaɗuwar cutar daga uwa zuwa ɗa.

Lokacin sha

Nan ne aka fi samun kuskure. Yawancin masu HIV a Najeriya suna shan magani mai ɗauke da dolutegravir, kuma sinadarin ƙarfe da na kalsiyam suna riƙe shi a hanji su rage ƙarfinsa. Saboda haka ana shan su tare ne kawai idan da abinci. In babu abinci, a sha dolutegravir awa 2 kafin maganin ƙarin jini, ko awa 6 bayansa. Shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfe, tumatir da lemo kuwa suna taimaka masa, musamman idan aka haɗa da wake, zogale ko kifi.