Bakin Talaka da Mutuncin Shugaban Nesa

A kundin laifuffukan da Turawa suka shimfiɗa wa Najeriya baki ɗaya a 1916, sashe na 60 ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga duk wanda ya wallafa abin da zai jawo wa shugaban wata ƙasa ƙiyayya ko raini a idon jama'arsa. Kundin ya yi aiki a kotunan Turawa na Arewa har 1960, lokacin da Final Kod ta maye gurbinsa, kuma har gobe da shi ake shari'a a yawancin jihohin Kudu. Asalin irin wannan doka daga fadojin Turai ne, zamanin da sarakuna suke 'yan'uwan juna da surukan juna, zagin ɗaya a jaridar ƙasar ɗaya yana iya ta da yaƙi. Hujjata a nan ita ce, dokar da ke kare mutuncin shugaban nesa ba don shi aka yi ta ba. Gwamnatin gida ce take sayen zumuncinsa, talakanta ya biya da bakinsa.

Ƙasashen da suka haife ta sun gano haka. A 1995 jaridar Le Monde ta buga labarin wani rahoto da ya danganta na kusa da fadar Maroko da fataucin tabar wiwi. Sarki Hassan na Biyu ya kai kuka, kotunan Faransa suka hukunta jaridar da sashe na 36 na dokar 'yan jarida ta 1881, sashen da ko gaskiya ka faɗa ba ta wanke ka. A 2002 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce wannan gata ne da ya wuce kima, kuma a 2004 Faransa ta soke sashen. Jamus ma haka: a 2016 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya nemi a hukunta mai barkwanci Jan Böhmermann da sashe na 103, Shugabar Gwamnati Angela Merkel ta ba da izinin bincike a daidai lokacin da take neman Turkiyya ta tare mata kwararar 'yan gudun hijira. Masu gabatar da ƙara sun ajiye maganar, sashen kuwa ya fita daga kundi ranar 1 ga Janairu 2018. Abin lura shi ne izinin nan na Merkel. Kafin a soke shi, sashen ba ya motsi sai gwamnati ta ga dama, wato sai in shugaban da aka taɓa yana da amfani a wurinta.

A birnin Kano maganar ta fi haka nauyi, domin a nan kalmar “ƙasar waje” ba ta da ƙarfin da take da shi a Balin. Wanda ya ratsa Agadasawa ko Zangon Barebari ya san cewa sunayen unguwannin ma shaida ne na inda kakannin mazaunansu suka fito. Ɗan kasuwar Kurmi yana da kawu a Maraɗi, ƙanwarsa tana aure a Damagaram. Da sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta, ba a buɗe iyakar ba sai Maris 2024, waɗanda suka ji a jika su ne direbobin da motocinsu suka yi watanni a Jibiya da Maigatari, da fataken hatsi da dabbobi. Janar Abdourahamane Tiani, wanda ya karɓi mulkin Nijar, baƙo ne a takarda, amma hukuncinsa yana shiga tukunyar gidan Bakano kamar yadda hukuncin Shugaba Tinubu yake shiga ta mutumin Maraɗi. A Disamba 2024 Tiani ya zargi Najeriya, da Hausa, da haɗa baki da Faransa don hargitsa ƙasarsa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya mayar masa da martani da Hausa. Manya sun yi cacar bakinsu cikin harshenmu. Da wane dalili za a ce mai shayin Ƙofar Mata da majalisarsa su kame baki?

Sukar shugaban wata ƙasa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗin fada yana wasa ubangidansa, ya juya ya yi wa abokin gabarsa zambo, kuma sau da yawa abokin gaban nan sarkin wata ƙasa ne. A sama da haka akwai wasiƙun da Muhammadu Bello ya yi musanya da Shehu al-Kanemi na Borno kan halaccin jihadi. Kalaman al-Kanemi masu zafi ne, amma Bello bai binne su ba, ya shigar da su cikin Infaƙul Maisuri tare da amsoshinsa, har suka iso gare mu. Shugaban da yake da hujja amsa yake bayarwa.

Akwai masu cewa zagi ba ra'ayi ba ne, rashin tarbiyya ne, addini ya hana, kuma Bahaushe ba ya girmama mai ashar. Ina tare da su ɗari bisa ɗari a kan wannan, kuma abin da nake gani a TikTok na yara suna ɗura wa sa'o'in kakanninsu ashar yana ƙona mini rai. Sai dai gyaran tarbiyya aikin uwa da uba ne da malami da mai unguwa. Da zarar an miƙa shi ga ɗan sanda, ma'anar zagi ta koma hannun mai mulki, shi kuwa mai mulki duk abin da ya sosa masa rai zagi ne. Kanawa sun san wannan tun zamanin NEPU, wadda aka kafa a birnin nan ranar 8 ga Agusta 1950. 'Yan Sawaba, wato magoya bayanta, da yawa sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e bisa tuhumar zagin sarakuna, alhali abin da suka faɗa kukan haraji ne da jangali da aikin tilas. A mulkin soja, Doka ta 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari shekara guda, a kan labarin naɗin jakadu kawai. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu masu barkwanci bulala 20 da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30 saboda sun taɓa Gwamna Ganduje. Hukumar da take da tuhumar ɓata suna da ta tunzura jama'a a aljihu ba ta ma buƙatar sashe mai sunan shugaban waje. Ranar da jakadan wata ƙasa mai ba mu rance ya yi ƙorafi, kayan aikin suna nan.

Abin da ya faru a Agusta 2024 ya nuna inda ma'aunin yake. A zanga-zangar tsadar rayuwa wasu matasa sun ɗaga tutar Rasha a titunan Kano. Ba su zagi Putin ba, kiran sunansa suka yi. Aka kama su har da telan da aka ce ya ɗinka tutocin, kuma ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da ƙananan yara a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin kunyar duniya ta sa aka sake su. Ɗaga tutar wata ƙasa a kan kukan yunwa wauta ce a ganina. Amma in yabon shugaban waje laifi ne yau, sukarsa laifi gobe, to abin da ake tsarewa kwanciyar hankalin Abuja ne.

Iyakar faɗin albarkacin baki tana nan, kuma Kano ta san ta da jini. A Oktoba 2001 zanga-zangar adawa da harin Amurka a Afganistan ta rikiɗe ta zama rikici, aka kashe mutanen da ba su taɓa ganin George Bush ba, aka ƙona shagunan maƙwabta. Wanda ya hau mumbari ko ya ɗauki waya ya ce a far wa 'yan wata ƙabila ko 'yan wata ƙasa da ke zaune cikinmu, wannan kam doka ta kama shi, sashe na 45 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da dama. Abin da ake karewa a nan ran ɗan tireda ne na Sabon Gari da ɗan Nijar mai ga-ruwa, waɗanda ba su da soja ko jakada ko gidan rediyo. Shugaban ƙasa yana da duka ukun.

Tun 1983, a shari'ar Arthur Nwankwo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar tunzura jama'a ta Turawa ba ta dace da 'yantacciyar ƙasa ba. Gana ta soke ɗauri kan ɓata suna a 2001, Jihar Legas ta cire shi daga kundinta a 2011. Majalisar Dokokin Kano tana da ikon yin haka ga Final Kod ɗinta: ta cire ɗauri da bulala daga laifin ɓata suna, ta bar wanda aka yi wa ƙazafi, gwamna ne ko baƙon shugaba, ya shigar da ƙarar neman diyya da sunansa, ya kawo shaidunsa, ya tsaya a yi masa tambayoyi kamar kowa.