Yadda JAMB ta sauya daga takarda da fensir zuwa kwamfuta

Hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta ƙasa, JAMB, wadda aka kafa a shekarar 1978, tana cikin hukumomin gwamnatin tarayya ƙalilan da suka sauya salon aikinsu baki ɗaya a cikin shekaru kaɗan. Fiye da shekara 30 ɗalibai suna cike takardar amsa da fensir a ajujuwan makarantu, ana jigilar takardun tambayoyi a mota zuwa jihohi, kowane zango kuma ƙofa ce ta satar jarrabawa. A yau kusan ɗalibai miliyan 2 ne ke zama gaban kwamfuta kowace shekara domin jarrabawar UTME, mai tambayoyi 180 a darussa huɗu, cikin awa biyu.

Ba a rana ɗaya aka yi sauyin ba. A 2013, a zamanin shugabancin Farfesa Dibu Ojerinde, hukumar ta ba ɗalibai zaɓi uku: su yi a takarda kamar da, ko su karanta tambaya a kwamfuta su amsa a takarda, ko su yi komai a kwamfuta. Sai a 2015 aka rufe ƙofar takarda gaba ɗaya. Shekarun farko sun zo da ƙorafi mai yawa. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar jarrabawa, na'urori su tsaya, ɗalibai su yini a bakin cibiya suna jiran layi, har wasu 'yan majalisar tarayya suka yi kira da a koma wa tsohon tsari.

Babban ƙalubalen ya fi shafar ɗan'adam fiye da na'ura. Ɗalibi daga makarantar karkara, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, yana iya sanin amsa amma ya rasa yadda zai nuna ta. Bayan naɗa Farfesa Ishaq Oloyede shugaban hukumar a 2016, an ɗauki matakai biyu a 2017 domin wannan matsala. An sauƙaƙa manhajar ta yadda maɓallai takwas sun isa a kammala jarrabawa ba tare da linzami ba: A, B, C da D na zaɓar amsa, sauran huɗun kuma na zuwa tambaya ta gaba, komawa baya, miƙa aiki da janye miƙawa. An kuma ɓullo da jarrabawar gwaji, wadda ake yi makonni kafin ta ainihi. Amfaninta biyu ne, domin ɗalibi yana sabawa da allon kwamfuta, hukumar kuma tana gano cibiyar da injinta ko intanet ɗinta ba zai ɗauki nauyin ranar ba.

Inda sauyin ya fi yin tasiri, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, shi ne tsarin kuɗi da na ba da gurbin karatu. A da ana sayar da katin da ake kankarewa a ofisoshin hukumar, kuɗi na bi ta hannun ma'aikata. Da aka soke katin aka koma biya ta banki da intanet, binciken tsofaffin asusu ya tono abubuwa da dama, ciki har da labarin da ya karaɗe ƙasa a farkon 2018, na naira miliyan 36 da aka ce maciji ya haɗiye a ofishin hukumar da ke Makurdi. A 2017 hukumar ta zuba kimanin naira biliyan 7.8 a baitulmalin gwamnati, abin da ya ninka na shekarun baya nesa ba kusa ba, kuma daga 2019 aka rage kuɗin rajista daga naira 5,000 zuwa 3,500. A 2017 ɗin ne kuma aka fara aiki da tsarin CAPS, wanda ya wajabta wa kowace makaranta ta shigar da sunayen waɗanda ta ɗauka ta shafin hukumar, ɗalibi kuma ya amince da gurbin ko ya ƙi da kansa. Wannan ya taƙaita damar ba da gurbi ta bayan fage, duk da cewa hukumar ta ci gaba da kokawa da makarantun da ke ɗaukar ɗalibai a wajen tsarin.

Akwai kuma matakin da ya gamu da cikas saboda wata hukumar ba ta shirya ba. An so a tilasta amfani da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, a rajistar 2020, amma cunkoso a cibiyoyin yin katin ya sa aka dakatar. Sai a 2021 dokar ta fara aiki.

Jarrabawar 2025 ta nuna iyakar abin da na'ura za ta iya in an tsallake mataki guda a tsarin aiki. Da sakamako ya fito, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 sun sami ƙasa da maki 200 cikin 400, iyaye da ɗalibai suka yi ta ƙorafi, musamman a Legas da Kudu maso Gabas. Hukumar ta gayyaci masana su duba. Binciken ya nuna cewa an yi wa manhajar gyara, amma ma'aikatan wani kamfani mai yi wa hukumar aiki ba su sanya gyaran yadda ya kamata a na'urorin wasu cibiyoyi ba, kuma ba a gano hakan ba kafin a saki sakamako. Manhajar dai iri ɗaya ce a faɗin ƙasa. Bambancin yana wajen wanda ya sanya ta da wanda ya kamata ya tabbatar an sanya.

A ranar 14 ga Mayun 2025, Farfesa Oloyede ya fito gaban 'yan jarida a Abuja cikin hawaye, ya ɗauki alhakin kuskuren tare da neman afuwa, abin da ba a saba gani ba daga shugaban wata hukuma a ƙasar nan. Ya ce matsalar ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157: cibiyoyi 65 a Legas, da 92 a shiyyar Owerri, wadda ta haɗa jihohin Kudu maso Gabas biyar. An fara sake musu jarrabawar a ranar 16 ga watan, kwana biyu kacal bayan sanarwar, lamarin da ya sa wasu iyaye suka koka cewa lokacin shiri ya yi kaɗan, ganin cewa da yawan ɗaliban suna tsakiyar rubuta jarrabawar kammala sakandare ta WAEC a makonnin.